Zarton Da Ke Gane Yatsa

Injin zarto na tebur bai san bambancin katako da yatsa ba. A cikin 1999 wani masanin kimiyya na ƙasar Amurka, Steve Gass, ya yi wa abin dabara, aka kuwa fara sayar da injinsa mai suna SawStop a 2004.

Ana sakar wa zarton 'yar wutar lantarki wadda ba a jin ta. Busasshen katako ba ya ɗaukar wuta, amma jikin ɗan Adam yana ɗauka. Da zarar fata ta taɓa haƙoran, sai wani birki na alminiyam ya afka musu, zarton ya tsaya cik, ya nutse ƙarƙashin tebur cikin kashi 5 bisa 1,000 na sakan. Birkin ya tashi aiki ke nan, sau da yawa har da zarton, sai an sayi sabo. Yatsa kuwa galibi ƙwarzane kawai yake samu.

Sai dai ɗanyen katakon da ya jiƙe sosai yana iya ruɗa injin, tilas kafinta ya kashe birkin kafin ya yanka irinsa. Birkin kuma ba ya hana katako ya maƙale, ya yo baya da ƙarfi ya bugi mai aiki.