Kwantiragin 'Yan Ƙwallo a Ma'aunin Ijara

Wani ɗan kasuwa daga Mahuta, ta ƙasar Zuru, ya tambaye mu hukuncin kwantiragin 'yan ƙwallo. To, a mazhabarmu ta Malikiyya wannan ijara ce, sharaɗinta kuwa a san lada, a san wa'adi. Idan wa'adi ya cika, ba a sabuntawa sai da yardar ɓangarorin biyu.

Akwai abin lura cikin abin da ya faru a Sifaniya a watan Agusta na 2021. Ƙungiyar Barcelona ta daidaita da Lionel Messi kan sabon kwantiragi, amma hukumar gasar ƙasar ta ƙayyade wa kowace ƙungiya albashin da za ta biya gwargwadon samunta. Bashi kuwa ya yi wa Barcelona katutu, ala tilas Messi ya koma Faransa.

A ganinmu wannan ƙa'ida ta dace, domin Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawari ta fara. Ya kai mai kanti, ya kai shugaban ofis, kada ka ɗauki ma'aikaci bisa ladan da ba ka iya biya. Auna aljihunka kafin ka sa hannu. Allah Ya sa mu dace, amin.