Kafin Mu Ce Shi Ya Jawo Wa Kansa



A azumin da ya wuce, bayan buɗe-baki, aka zagaya da kwali ana tara gudunmawa domin wani ɗan'uwa direban tasi. Ciwon suga ya kwantar da shi, an yanke masa yatsu biyu na ƙafa, wata uku bai fita aiki ba, ga kuɗin haya ya taru. Wani dattijo da ke kusa da ni ya miƙa kwalin gaba bai saka komai ba, ya ce a hankali: "Wannan ai shi ya jawo wa kansa. Shekara nawa ana ce masa ya rage ci?" Ban tanka ba, don ya haife ni. Amma na lura yana maganar ne da kwalbar lemo a hannunsa, kuma a bakin ƙofa ga katan uku na irinta, waɗanda mu muka saya da kuɗin jama'a. Tun daga ranar maganar take ci mini rai.

Zan fara da inda Baba yake da gaskiya. Jiki amana ne, kuma za a tambaye mu a kansa. Ɗalibanmu sun san hadisin da ya koyar da kasa ciki uku, sun kuma san addini ya hana wuce iyaka wajen ci da sha. Haka nan gaskiya ne cewa kuɗin magani a ƙasar nan ba ya tsayawa a kan mara lafiya shi kaɗai. Tun 1986 doka ta tilasta wa sashen gaggawa na asibitoci su duba duk wanda ya zo, ko yana da kuɗi ko ba shi da shi. Dokar inshorar lafiya da Shugaba Obama ya sa wa hannu a 2010 ta hana kamfanoni, daga 2014, su ƙi mutum ko su tsauwala masa kuɗi saboda ciwon da yake da shi. Ke nan ta hanyar haraji da kuɗin inshora duk muna biya. Hukumar CDC ta kiyasta cewa ƙiba mai yawa tana cin kimanin dala biliyan 173 a shekara wajen magani a Amurka. Mai jin zafin wannan yana da hujja.

Inda muka raba hanya shi ne a kan wa za a ɗora wa kuɗin. In muka ce duk wanda ya jawo wa kansa ciwo ya biya shi kaɗai, wa zai zauna ya yi alƙalanci? Mai shan taba fa? Yaron da ya karye a filin ƙwallo fa? Wanda ya yi gudun wuce kima da mota fa? Da ni da nake zuba suga cokali huɗu a shayi kullum safe, Allah dai ya rufa mini asiri bai nuna a jikina ba? In aka fara wannan tankaɗe da rairaya, ba na jin za a bar mutum biyar a sahun farko.

Sannan ƙiba ba daga baki kaɗai take zuwa ba. Akwai gado, akwai magungunan da ke ƙara nauyi, akwai aikin dare da rashin barci. Direban nan awa goma sha biyu yake yi a zaune, abincinsa kuwa abin da ya samu a gefen titi ne kafin fasinja ya kira. Ku bi Port Richmond Avenue da ƙafa wata rana, ku ƙirga wuraren soye-soye da firinjin lemo, ku kwatanta farashin babbar kwalba da na 'ya'yan itace. A ƙasar da kusan mutum biyu cikin kowane manya biyar suke da ƙiba mai yawa, da wuya a ce duk rashin tarbiyya ce ta same su lokaci ɗaya. Mu ma mun zo da namu daga gida. A Kano ko Maradi in mutum ya ajiye tumbi sai a ce ya samu hutu, amarya in ba ta yi ƙiba ba sai a fara zargin mijin. Can ana tafiya da ƙafa, ana gumi. Nan kuwa cin ya ƙaru, motsin ya ragu, ga sanyi na wata huɗu yana kulle mu a ɗaki.

Akwai kuma wanda ba a cika ambata a wannan lissafin ba, wato mai cin riba. A 2012 Magajin Garin New York Michael Bloomberg ya nemi a hana gidajen abinci da silima sayar da lemo mai suga a kofin da ya wuce oza 16, kusan rabin lita. Masu sana'ar lemo suka garzaya kotu, ana ta yekuwar 'yancin kowa ya sha abin da yake so. A Maris 2013 alƙali ya dakatar da dokar ana gobe za ta fara aiki, a Yuni 2014 kuma babbar kotun jiha ta ce hukumar lafiya ta wuce hurumin da aka ba ta. Wasu wuraren sun bi ta haraji. Meziko ta sa peso 1 a kan kowace lita a 2014, birnin Philadelphia ya fara nasa a 2017, Najeriya ma ta sa naira 10 a kan lita a dokar kuɗi ta 2021. A ganina wannan ya fi kusa da adalci: a karɓi kaso tun daga wurin sayarwa, a kan abin da ke kawo ciwon, maimakon a jira mutum ya kwanta sannan a miƙa masa takardar bashi.

Gori ma tsada gare shi. Wanda ya san za a ce shi ya jawo wa kansa, ɓoye ciwonsa zai yi, ya ƙi zuwa awon jini, har sai ƙafa ta kumbura ko an kai ga wankin ƙoda. Mu kuwa a Staten Island muke, gunduma ɗaya tilo cikin biyar da ba ta da babban asibitin gwamnatin birni. Jinkiri ba namu ba ne.

To ina alhakin mutum ya tafi? Yana nan, amma wurinsa kicin ne da wajen cefane, tun kafin a kai ga gadon asibiti. A nan ne maganar ta dawo kanmu iyaye. Kusan yaro ɗaya cikin biyar a Amurka yana da ƙiba mai yawa, kuma yaro ɗan shekara takwas ba shi ke cefane ba. Gwangwanin lemo ɗaya yana ɗauke da suga kimanin cokalin shayi 10, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko babba kada ya wuce kamar cokali 12 a yini, in da hali ma 6. Mu ne muke cika firinji, mu ne kuma muke kawo katan-katan duk ranar walimar sauka.

Ga roƙona. Kwamitin iyaye ya zauna kafin walima ta gaba, a maye gurbin lemo da ruwa da zoɓo mai ɗan suga kaɗan. Masu katin SNAP su sani cewa a kasuwar manoma, irin ta St. George ranar Asabar, duk dala 2 da suka kashe ana ƙara musu takardar Health Bucks ta dala 2 ta sayen ganye da 'ya'yan itace, har dala 10 a rana. Faber Park kuma tana nan a Richmond Terrace, shiga kyauta ne, a kai yara su yi gudu.

Ku kuwa ɗalibai, kada in ƙara jin an kira wani "ɗan lukuti" a aji. Ba ku san abin da ke gidansu ba, kuma tsokana ba ta taɓa rage wa kowa nauyi ba. In kana son abokinka, ja shi ku je ƙwallo.

Ɗan'uwanmu direba har yanzu bai koma aiki ba, kuma kwalin zai sake zagayowa. Ina roƙon Baba da ire-irensa su saka abin da ya sawwaƙa, nasihar kuma a kai masa ita har gida, tsakaninsu su biyu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu ikon riƙe amanar jikinmu da ta 'ya'yanmu. Amin.