Rigakafi Ya Fi Magani

Wasan ƙwallo abu ne mai kyau. Yana ƙarfafa jiki, yana koya wa yara zama da juna. Amma yawan buga ƙwallo da ka yana da lahani.

Ƙwaƙwalwa taushi gare ta. Tana zaune cikin ƙoƙon kai kamar gwaiduwa cikin ƙwai. Duk sa'ad da ƙwallo ya bugi goshi sai ta girgiza. Bugu ɗaya ba ya nuna kome, amma yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.

A Ingila an yi wani gwani, Jeff Astle, wanda ya yi suna wajen ci da ka. Ya rasu a 2002 yana da shekara 59, bayan ciwon mantuwa. Da aka bincika, aka ce yawan buga ƙwallon fata da ka ne sanadi. A 2019 masanan Jami'ar Glasgow suka gano cewa tsofaffin 'yan ƙwallon Sikotilan sun ninka sauran mutane sau uku da rabi wajen mutuwa da cututtukan ƙwaƙwalwa. Saboda haka a 2020 hukumar ƙwallon Ingila ta hana koya wa 'yan firamare bugu da ka wajen horo.

Wannan doka daidai ce. Waɗansu suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma yaro zai iya koyon bugu da ka in ya girma, ƙwaƙwalwa kuwa in ta lalace ba a sake wata. Ya kamata malamin wasa ya fara da gwanintar ƙafa, ya bar wa yaro kansa domin karatu.