Karatu Daga Gida: Ɗalibin da Ya Ɓace Ba a Yi Cigiyarsa Ba

A Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, idan ɗalibi ya yi mako biyu bai leƙa aji ba, abokan karatunsa za su lura, wani ma ya bi sawunsa har ɗaki. Ɗalibin jami'ar karatu daga gida ba shi da kujerar da za a gan ta wayam. Ba ya rubuta takardar ajiye karatu, ba ya sallamar kowa. Sabon zango ne zai kama, ya ƙi sabunta rajista, sunansa ya ci gaba da zama a kwamfuta tamkar yana nan.

Jami'ar NOUN, wadda ke da cibiyar karatu a Dutse, gwamnatin Shehu Shagari ce ta kafa ta a 1983. Sojoji suka dakatar da ita a 1984, sai a 2002 gwamnatin Obasanjo ta farfaɗo da ita, shi kansa kuma ya zama ɗalibinta. An yi ta ne domin mutanen da rayuwa ta riga ta ɗaure: malamin firamare a Kiyawa mai takardar NCE da ke neman digiri, ma'aikacin sakatariya, ma'aikaciyar jinya a Birnin Kudu, matar aure da ba za ta bar 'ya'ya ta koma ɗakin kwanan ɗalibai ba. Samun gurbi ba shi da wuya ga irin waɗannan. Wuyar tana farawa ne bayan an shiga.

Zangon farko shi ne maƙoshin kura. Mutumin da ya yi shekara goma rabonsa da aji, sai a miƙa masa littattafan kwas cikin Turanci mai nauyi, a ce ya karanta shi kaɗai bayan isha'i, ya yi jingarsa ta intanet. Jingar nan ita ke ɗauke da maki 30 cikin 100, jarrabawa ta ɗauki 70, don haka wanda wa'adinta ya wuce shi saboda rashin sabis ko rashin caji ya shiga jarrabawa da ƙafa ɗaya. Idan ya faɗi kwas biyu a karon farko, ba kasafai yake zargin tsarin ba. Kansa yake zargi, ya ce ƙwaƙwalwa ta tsufa, kunya kuma ta hana shi tambaya.

Sai batun kuɗi. Ana biya zango-zango, kwas-kwas, ga kuɗin jarrabawa daban. Wannan sassauci ne, amma yana nufin sau biyu a shekara ɗalibi zai sake zama ya yanke shawarar ci gaba, a gidan da taki da kuɗin makarantar yara ke jiran albashi ɗaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, zuwa Dutse daga Gwaram ko Jahun domin jarrabawa ya zama abin lissafi, a farkon 2025 kuma hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Wanda ya ce bari ya huta zango ɗaya, da wuya ya dawo, domin babu mai tuna masa.

Matsalar ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. Buɗaɗɗiyar jami'ar Birtaniya, wadda aka kafa a 1969, ita ma ta daɗe tana fama da ita. Ormond Simpson, wanda ya yi shekaru yana aiki a can, ya nuna cewa kiran waya ɗaya da malami zai yi wa sabon ɗalibi tun kafin karatu ya kankama yana ƙara yawan masu kai wa ƙarshen kwas. Hujjarsa ita ce, ɗalibin da ya fi buƙatar taimako shi ne ya fi jin nauyin nemansa, saboda haka jami'a ce za ta fara nemansa.

Bahaushe bai kamata ya ga wannan a matsayin sabon abu ba. Makarantar zaure ta daɗe tana karantar da magidanta masu sana'a: kowa da littafinsa, kowa da inda ya tsaya, babu ranar gamawa da aka yanka wa mutum. Abin da ke riƙe ta shi ne malam ya san fuskar kowa. Idan ɗalibi ya yi kwana uku bai zo ba, za a tambaya ko lafiya, a tura wani ya dubo shi. Karatu daga gida ya ɗauki sassaucin zaure, ya bar wannan tambayar a baya.

Gyaran ba ya buƙatar sabon gini. Kwamfutar jami'a ta riga ta san wanda bai yi jingar farko ba da wanda bai sabunta rajista ba. Abin da ya rage shi ne a fitar da sunayen kowane zango, a ba jami'an ba da shawara na cibiyar Dutse kuɗin kira, su kira da Hausa idan ita ce za ta sa mutum ya saki jiki ya faɗi damuwarsa. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, tun kafa ta a 1976, ta dogara da haɗuwar ƙarshen mako a makarantun da ke kusa da ɗalibai, kuma ƙananan hukumomin Jigawa 27 babu wadda ta rasa ajin da ke kulle ranar Asabar. Ɗaliban gari ɗaya za su iya haɗuwa a can su yi bita, har su kafa adashin kuɗin rajista.

Gwamnatin jiha ma tana da hannu a ciki, tunda yawancin irin waɗannan ɗalibai ma'aikatanta ne. Hutun jarrabawa na 'yan kwanaki a rubuce, wanda ba sai an roƙi shugaban ma'aikata ba, zai riƙe mutane da dama. Su kuma jami'o'in, a duk bikin ɗaukar sababbin ɗalibai sukan bayyana adadin waɗanda suka shigo. Ya kamata Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta wajabta musu bayyana wani adadin a gefensa: cikin waɗanda aka ɗauka bara, mutum nawa ne suka sake rajista bana, cibiya-cibiya.