Da Wane Mudu Za A Auna Malaman Ƙwallo Na Makarantu?

Duk inda 'yan Arewa mazauna Kudu suka taru da maraice, ko a Agege da Idi-Araba cikin Ikko, ko a Sabo ta Badun, ko a Shagamu, ko a Anaca da Fatakwal, da wuya a watse ba a taɓo zancen ƙwallon ƙafa ba. In kuwa an taɓo shi, ba a daɗewa sai gardama ta kaure a kan wane ne gwani cikin masu koyar da 'yan wasa. Wannan ya ce Westerhof, wancan ya ce Bonfrere, wani ya rantse babu kamar marigayi Stephen Keshi. Mutanen Kafanchan da Kagoro da Kwoi da Zonkwa da Kachiya kuwa sukan ja gardamar har gida, su shiga jera malaman wasanni na makarantun da suka yi, kowa yana cewa nasu ne na ɗaya. Daga ƙarshe hujja guda ce ke kashe bakin kowa, watau a ce, "To, kofi nawa ya ci?"

Wannan tambaya tana da sauƙi, shi ya sa ta karɓu. Amma in da ita za a auna malamin da ke koyar da ƙwallo a makarantar sakandare ko a kwaleji, to, an ɗauko mudun da aka lotsa gindinsa. Maganar kuma ta wuce hirar maraice, gama waɗannan masu gardama su ne 'yan ƙungiyoyin ci gaban garuruwa da na tsofaffin ɗalibai, waɗanda kan tara kuɗi su sayi kofi da riguna su kai gida lokacin Kirsimeti ko Sallah, su kuma yi wa malamin da ya yi nasara kyauta a gaban jama'a. Abin da aka ga ana yi wa tafi, shi kowa zai bi. In kofi kaɗai ake yi wa tafi, malami zai nemi kofi ta kowace hanya, yaran mutane kuwa su ne za su biya kuɗin.

Hanyar da ta fi kusa ga mai neman kofi ido rufe sananniya ce, watau sojan haya. A ɗauko ƙato daga kulob ɗin gari, wanda ya bar makaranta tun shekaru uku da suka wuce ko ma bai taɓa shigarta ba, a aske masa gemu, a sa masa rigar makaranta, a rubuta sunansa cikin rajista ana gobe wasa. Ɗalibin gaskiya, wanda ya yi wata da watanni yana fitowa atisaye bayan an tashi daga aji, sai ya koma bakin fili yana riƙon ruwa. Ran nan an ci kofi, an zaga gari da ganga, amma an koya wa yara 11 da ke cikin fili da ɗaruruwan da ke kallo cewa ƙarya tana biya. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Nijeriya ta riga ta ɗanɗana kuɗar wannan hali a idon duniya. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da ƙasar daga wasannin matasa har shekara 2, ta kuma ƙwace mata damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991, saboda an sami saɓani a shekarun haihuwar wasu 'yan wasa da suka je Olamfik ta 1988. A 2009, lokacin da aka yi gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a Nijeriya, har filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna ya karɓi wasu daga cikin wasannin, FIFA ta shigo da na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane shekarun yaro. A 2016 wannan na'ura ta kayar da 'yan wasa 26 daga sansanin matasan Nijeriya ana dab da karawa da Jamhuriyar Nijar, Nijar kuwa ta fitar da su, alhali su ne ke riƙe da kofin duniya. Wannan cuta ba a sansanin ƙasa take farawa ba. Tana farawa ne a ƙaramin filin makaranta, ranar da shugaban makaranta ya kau da kai, malamin wasanni ya sa hannu a takardar da ya san ƙarya ce.

Saboda haka abu na farko da za a tambaya game da kowane malamin ƙwallo shi ne: su wane ne ya sa a fili? In ɗalibansa ne na gaskiya, masu suna a rajistar aji, masu zama jarrabawa tare da sauran, sai a ci gaba da awo. In kuwa an taɓa kama shi da sojan haya, to, ya fita daga lissafi, ko da kofunansa sun cika ofishin shugaban makaranta har sun rasa wurin ajiya.

Abu na biyu, a dubi abin da aka ba shi kafin a dubi abin da ya kawo. Makarantun kudancin Jihar Kaduna ba ɗaya suke ba. Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya, mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal da Inugu zuwa Kaduna da wanda ya nufi Jos, kuma a zamanin da reluwe ke kan ganiyarta ma'aikata daga ko'ina cikin ƙasar sun zauna a can, suka zo da sha'awar tamaula. Malamin da ke cikin irin wannan gari, ko a tsohuwar makarantar kwana irin Kwalejin Gwamnati ta Kagoro, ko a Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya inda ɗalibai manya ne da aka tattaro daga ƙananan hukumomi da yawa, yana da inda zai zaɓa. Takwaransa na makarantar jeka-ka-dawo a wani ƙauye bayan Kachiya ko Zangon Kataf yana da ƙwallo ɗaya mai faci, da fili mai gangara wanda ruwan damina ke yi wa kwari, da yara waɗanda in lokacin haƙar citta ya zo iyaye ke bukatarsu a gona. In na farko ya ci kofi, wataƙila albarkacin kaza ne ƙadangare ya sha ruwan kasko. In na biyu ya kai yaransa wasan kusa da na ƙarshe, ya yi aikin da ya fi na farko nauyi. Manomin da ya gaji fadama da wanda ya sare tsandauri, ba a auna ƙoƙarinsu da yawan buhu kawai.

Abu na uku, kuma shi ne mafi girma, a tambayi inda yaran suka kwana bayan shekara 5 ko 10. A nan ne lokaci ke yin alƙalanci. Nijeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau 5: a 1985 ƙarƙashin Sebastian Brodericks, a 1993 ƙarƙashin Fanny Amun, a 2007 ƙarƙashin marigayi Yemi Tella, a 2013 ƙarƙashin Manu Garba, a 2015 ƙarƙashin Emmanuel Amuneke. In kofi ne awo, dukkansu kunnen doki suke. Amma abin da ya sa ake tunawa da tawagar 1993 shi ne Nwankwo Kanu da Celestine Babayaro da Wilson Oruma da suka fito daga cikinta, ta 2015 kuwa saboda Samuel Chukwueze da Victor Osimhen, wanda ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka a 2023. Duk da waɗannan kofuna 5, babbar ƙungiyar ƙasa ba ta taɓa wuce zagaye na biyu a gasar cin kofin duniya ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kofin yara alkawari ne, ba a san cikarsa ba sai an girma.

Mazauna Ikko ba su bukatar a kai su nesa don ganin misali. Kwalejin St. Finbarr's da ke Akoka, wadda limamin Katolika ɗan ƙasar Ailan, Fada Denis Slattery, ya kafa a 1956, ta yi suna a gasar makarantun sakandare ta Ikko. Amma abin da ya tabbatar da sunanta shi ne mutanen da ta yaye, irin su Henry Nwosu da Samson Siasia da Stephen Keshi, wanda ya ɗaga kofin Afirka yana kyaftin a 1994, ya sāke ɗaga shi yana mai koyarwa a 2013. Haka nan a cikin tawagar da ta ciwo zinariya a Olamfik ta Atlanta a 1996 akwai mutum 5 haifaffun Kaduna: Daniel Amokachi, Tijjani Babangida, Garba Lawal, da Babayaro biyu, Celestine da Emmanuel. Kowa ya san sunan Bonfrere da ya jagorance su a can. Malaman da suka fara nuna musu yadda ake tsayar da ƙwallo a filayen ƙura na Kaduna kuwa, ba a jin sunansu a gardamar maraice, alhali ba don su ba da Bonfrere bai sami abin zaɓa ba.

Sai dai fa a tuna, cikin yara 100 da ke buga ƙwallo a makaranta, kaɗan ƙwarai ne za su ci abinci da ita. Sauran za su zama malamai, manoma, ma'aikatan jinya, 'yan kasuwa da direbobi. Don haka in ana tambayar inda yaran malami suka kwana, kada a tsaya ga wanda ya kai Turai. A tambayi nawa ne suka gama makaranta da takardar shaida. Malamin da ya riƙa fitar da yaro daga aji don atisaye har yaron ya faɗi jarrabawa, sa'an nan gwiwarsa ta goce yana ɗan shekara 19, ya bar shi ba ƙwallo ba boko, wannan malami ya ci amana, ko da yaron ne ya ciwo masa kofi uku.

Ko a Amurka, inda wasan ƙwallon jami'o'i, irin nasu da ake runguma da hannu, ya zama babbar kasuwa, inda tun 1936 'yan jarida ke jera ƙungiyoyi daga ta ɗaya zuwa ƙasa, kuma inda ake kiran Nick Saban gwani saboda ya ci gasar ƙasa sau 7 kafin ya yi ritaya a 2024, sun gane kofi kaɗai bai isa ba. Hukumar wasannin jami'o'insu tana bin sakamakon karatun 'yan wasa, tana iya hana ƙungiya shiga wasannin ƙarshen kaka in ɗalibanta sun gaza a aji. An kuma ƙwace wa Jami'ar Kudancin Kalifoniya kambun 2004 bayan an gano an karya doka game da wani ɗan wasanta.

Akwai kuma wani awo da ya shafi ƙasar Kafanchan musamman. Mutanen wannan yanki ba su manta da watan Maris na 1987 ba, lokacin da rikici ya tashi daga kwalejin horon malamai ta garin ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da sauran wurare, ba su kuma manta da waɗanda suka biyo baya ba. A ƙasar da unguwanni suka rabu, filin ƙwallon makaranta yana cikin wuraren da suka rage inda yaron Bajju zai miƙa wa Bahaushe ƙwallo, ɗan Atyap ya tsare wa Bafulatani baya, ɗan Ham da ɗan Fantswam su rungumi juna in an ci. Malamin da ya zaɓi 'yan wasansa bisa ƙafa, bai dubi suna ko wurin ibada ba, ya kuma riƙe su tsintsiya ɗaya a shekarar da gari ya yi zafi, ya yi wa jihar aikin da ba a rubuta shi a jikin kofi.

Wani zai ce duk wannan daɗin baki ne, kofi ana ƙirga shi, sauran kuwa ra'ayi ne, kuma in aka bar hujjar da ido ke gani son kai zai shigo. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, gama wasa ba ya zama wasa in ba a neman nasara, kuma malamin da ya shekara 10 yaransa na shan kashi babu wani ci gaba, shi ma akwai tambaya a kansa. Ba a ce a jefar da kofi ba, cewa aka yi a sa shi a matsayinsa, watau bayan waɗancan. Kuma ba gaskiya ba ne cewa sauran ba su ƙirguwa. Rajistar aji tana ƙirguwa, takardar haihuwa tana dubuwa, sakamakon jarrabawa a rubuce yake, yawan ɗalibai da kayan wasan kowace makaranta kuma ofishin ilmi na shiyya ya san su. Abin da aka rasa shi ne mai tambaya.

Hukunci da sakamakon jiya kaɗai kuwa an ga ƙarshensa a sama. Marigayi Shu'aibu Amodu ya kai Nijeriya gasar cin kofin duniya ta 2002 da ta 2010, sau biyun kuma aka sallame shi kafin a tafi, bayan ya zo na uku a gasar Afirka. Waɗanda aka ba aikin a madadinsa suka je suka dawo tun zagayen farko, ba su ci wasa ko ɗaya ba. In an yi wa babba haka, ina ga malamin ƙauye wanda ba shi da mai magana da yawunsa?

Ya kamata Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Kaduna ta sa ofisoshinta na shiyya su riƙa tantance 'yan wasa da rajistar makaranta kafin kowace gasa, su kuma ajiye tarihin kowane malamin wasanni na aƙalla shekara 5, a riƙa duba shi wajen ƙarin girma. Su kuma 'yan ƙungiyoyin garuruwa da ke Kudu, tun da kuɗinsu ne ke sayen kofi, suna da bakin gindaya sharaɗi. Kafin a miƙa wa malami kyauta a taron ƙarshen shekara, a nemi ganin sunayen yaransa a rajista, a tambayi nawa suka ci jarrabawa, a kuma keɓe wata kyauta ta dabam, wadda ba ta gaza ta mai kofi ba, ga malamin ƙaramar makarantar da ya yi abin kirki da ɗan abin da ke hannunsa. In aka yi haka shekara uku a jere, malamai za su gane mudun ya sāke, sojan haya kuma zai rasa mai ɗaukarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa masu hannu a cikin al'amarin su ji, su kuma gyara.