Hanyar da Aka Shata wa Kiran Waya

Duk ofishin da ke Nyohini a Tamale wanda yake da na'urar rarraba kira, wajibi ne mai kula da ita ya sani cewa jadawalin da aka tsara da hannu, mai tura lambobin 024 ta layin MTN, na 020 kuwa ta Telecel, ya daina zama hujja tun shekarar 2011, sa'ad da Gana ta halatta wa mutum sauya kamfani yana riƙe da lambarsa. Sai kira ya bi hanya mafi tsada, ba wanda ya farga. A ra'ayina amana ce a wuyansa ya riƙa bitar jadawalin, ya kuma tanadi layi na biyu saboda ranar da na farko ya katse.