Manhaja Za Ta Nuna Maka Jirgi, Amma Ba Za Ta Kauce Maka Ba

Idan kana da Flightradar24 a wayarka, gwada wannan: buɗe taswirar, ka je kan wani ƙaramin filin jirgi a Amurka, ka zuƙo shi sosai, sai ka danna ɗaya daga cikin ƙananan jiragen da ke wurin. Sau da yawa za ka ga sawunsa ya zana akwati mai kusurwa huɗu a gefen titin sauka. Ba ɓacewa matuƙin ya yi ba. Layi yake bi, irin zagayen da mutanen Zariya suka saba gani daga jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama.

Ga yadda layin yake. Ƙananan jirage kan yi zagayen ne a tsayin ƙafa 1,000 daga ƙasa, kuma galibi hagu suke juyawa, domin matuƙi a kujerar hagu yake zama. Wanda ya zo daga nesa, shawarar hukumar FAA ita ce ya shigo ta gefe, a karkace da digiri 45, ya bi bayan na gabansa. Abin da zai ba ka mamaki: a cikin filayen jirgi kusan 5,000 da jama'a ke amfani da su a Amurka, kusan 500 ne kawai ke da hasumiyar ba da umarni. A sauran, matuƙa ne ke faɗa wa juna inda suke ta rediyo, kowa kuma ya buɗe idonsa.

To, ina matsalar? Doka ba ta hana mutum ya miƙo kai tsaye zuwa titin ba tare da shiga zagayen ba. Nan ne ake yin kiciɓis.

Ranar 18 ga Agusta, 2022, a filin jirgin Watsonville da ke Kalifoniya, wani matuƙi yana atisayen tashi da sauka da Cessna 152. Sai ga Cessna 340 mai inji biyu ya miƙo kai tsaye da gudun kusan kilomita 330 a awa, alhali ƙaramin jirgin da kusan 120 yake sauka. Dukkansu sun yi magana a rediyo, kowa ya san da ɗan'uwansa. Har na ƙaramin jirgin ya sanar cewa zai fasa sauka domin na bayan yana taho masa da sauri. Duk da haka suka yi karo daf da titin, mutum uku suka rasu. Hukumar bincike ta NTSB ta ce sanadin shi ne matuƙin babban jirgin bai hango ƙaramin ya kauce masa ba.

Ka lura, bayani bai yi ƙaranci ba a ranar. Lokaci ne ya ƙare. A irin wannan gudun, jirgi na cin kilomita biyar da rabi a minti ɗaya, kuma FAA ta ƙiyasta cewa matuƙi na buƙatar daƙiƙa 12.5 kafin ya hango jirgi, ya gane haɗari ne, ya kauce.

Wani zai ce, ai yanzu akwai ADS-B, na'urar da ke watsa wurin da jirgi yake, har matuƙa na ganin juna a iPad ta manhajoji irin su ForeFlight. Gaskiya ne, kuma tana taimakawa ƙwarai. Amma dokar da ta fara aiki a Amurka ranar 1 ga Janairu, 2020 ba ta wajabta ta a ko'ina ba, sai a wasu sassan sararin samaniya. Akwai tsofaffin jiragen da ko rediyo ba su da shi. Sannan duk daƙiƙar da ido ke kan sikirin, ba ya kan taga.

Wani kuma zai ce jirgi mai gudu yana wahalar bin bayan mai tafiyar hawainiya, kuma miƙowa na rage shan mai. Wannan ma haka ne, in fili babu kowa. Amma in akwai masu zagaye, ra'ayina shi ne wanda ya miƙo shi ne baƙo, shi ya kamata ya rage gudu ko ya shiga layi. Amfanin layi shi ne kowa ya san ta inda zai nemi ɗan'uwansa. Mintuna biyu ko uku na zagaye ba su kai rai ba.

Kai ma mai kallo a waya, kada ka ɗauka abin da Flightradar24 ya nuna shi ne duk abin da ke sama. Yawancin bayanansa daga na'urorin da 'yan sa-kai suka kafa a gidajensu yake zuwa, don haka jirgin da ke ƙasa-ƙasa ko wanda ba shi da ADS-B na iya ɓace maka gaba ɗaya.

Na'ura za ta gaya maka akwai wani a gabanka. Rage gudu da bin layi kuwa aikinka ne, ko a sama kake ko a shataletalen garinku. Allah ya kiyaye hanya.